Allurar Yaya

Bokitin ƙarfe ne babba mai mariƙi ɗaya. Famfon da yake kawo ruwa a ginin na ƙasa ne kawai, na sama sun daɗe da zama ado. Don haka kullum da sassafe, kafin ma'aikatan ofisoshi su fara isowa, Auta da yayarta sukan cika shi su hau da shi har hawa na ƙarshe, sannan su fara goge matattakala suna gangarowa. Yaya tana tsayawa a hagu ta riƙe da hannun dama, Auta a dama ta riƙe da hagu, bokitin a tsakaninsu kamar yaron da ake koya wa tafiya. Haka suke yi tun kansu yana baƙi. Da tsufa ya zo bai sha wahalar rabo ba, ƙafafun da ke kusa da bokiti ya kama: gwiwar dama a jikin Yaya, ta hagu a jikin Auta.

"In aka haɗa ku biyu," in ji maigadin ginin, wanda ba ya barin su wuce ba tare da ya tsokane su ba, "za a sami lafiyayyiya guda, gurguwa guda. Ni lafiyayyar nake so, a kai mini gida."

"In ka samo haƙoran da za ka yi mata murmushi da su, sai ka zo a yi magana," Auta takan ce.

Yaya dariya kawai take yi, don rabin maganar ba ta ji ba. Kunnenta ya yi nauyi, kuma ko da can ita mai kunyar mutane ce, balle masu farar riga. Duk ranar da za a yi mata allurar gwiwa, Auta ce bakinta. Su zauna a benci, a kira su, likita ya tambaya ba tare da ya ɗago kai ba, "Wace ƙafa?" Auta ta ce, "Dama." Ita tata gwiwar ba ta taɓa kai ƙararta ba. Ƙwaya take sha, ta shafa man zafi, ta ɗaure da ƙyalle. Ta Yaya ce ta fi tsanani, kuma ai babba shi ake fara zuba wa.

A makon da za a sake yi wa Yaya allura ta rasu. Ba gwiwar ce ta kashe ta ba, zuciya ce, in ji likitoci. Sun kai tsakiyar hawa ta ce a ajiye bokiti, ta zauna a kan matattakala, ta jingina da bango. Auta ta zaci numfashi take mayarwa. Amma hannun Yaya ba a ƙirji yake ba, yana kan gwiwa, tana murzawa a hankali.

"Auta, gwiwar nan," ta ce. Ba ta ƙara wata magana ba.

Ba a ɗauki kowa a madadinta ba. Da aka share makoki Auta ta koma aiki ita kaɗai, tana cika bokitin rabi, ta hau sau biyu. Da hannun hagu take ɗauka, don daman bai san aikin ba, kuma tana raɓewa ta gefen ƙarfen dafawa ta bar wajen bango fili. Sabo turken wawa, haka ta ce wa kanta.

Wata safiya, ginin shiru, fitilar hawa na biyu tana ƙyaftawa kamar yadda ta saba, sai ta ji bokitin ya yi sauƙi a hannunta. Ba sosai ba, kamar dai wani ya sa yatsu a ɗaya gefen mariƙin. Ta ɗaga ƙafa ta hau. Bokitin ya biyo ta, sannan ya ɗan nitse ta wajen bango, ruwan ya karkata, ya dawo. Bayan nan ta ji jan silifa a kan siminti, da ƙarar nan ƙas, irin ta busasshen kara in an taka shi.

Ta san ƙarar. Shekara da shekaru tana jin ta a gefen kunnenta na hagu.

Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma ji tsoro ba. Ta hau na gaba, bokitin ya sake nitsewa, silifa ya sake jan ƙasa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ɗingishin. Ita a saninta mutuwa hutu ce, wanda ya tafi ya bar ciwonsa a nan tare da tufafinsa. To ga Yaya, an wanke ta an binne, amma tana jan ƙafa irin jan da take yi in allura ta gama sakinta.

Daga ranar kullum tare suke hawa. Auta ba ta faɗa wa kowa ba.

Yaya ta bar 'ya ɗaya, malamar firamare, wadda tun tana goye Auta take ɗaukarta. Gida ɗaya suke zaune, kuma Auta ba ta kiranta da komai sai Malama. Ita ce ta lura innarta ta daina zama a tabarma, ta koma sallah a kan kujera, in za ta tashi kuma sai ta kama bakin ƙofa ta ciji leɓe.

"Inna, gobe asibiti."

"Wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

"Gwiwarki ce ta faɗa mini. Daga ɗakina nake jin ta tana gaishe ni."

Babban likitan ƙashi dattijo ne mai magana a hankali. Ya ɗora hoton gwiwoyin a jikin allo mai haske, ya nuna da bayan alƙalami. Ya ce tsakanin ƙashi da ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, shi yake hana su goga juna. Na dama ya fara cinyewa amma da sauransa. Na hagu kuwa saura ƙiris, ta gefen ciki ma ƙashi ya riga ya sami ƙashi.

"Ƙwayar da kike sha za ta ci miki ciki kafin ta gyara gwiwa, Iya. Za mu tura ki wajen masu gashin ƙashi su koya miki motsa cinya, ki kuma riƙe sanda. Akwai allura mai kwantar da kumburi, tana ba da sauƙi na 'yan watanni, amma ba a yawaita ta. Akwai wata mai yauƙi kamar man inji, wasu tana yi musu, wasu ba ta yi. Duk lallashi ne. In suka gaza sai aiki, a kankare bakin ƙashin a sa ƙarfe da roba."

"Ƙarfe? Ni keke ce?"

Likitan ya yi murmushi. "Keken ma in an kula da shi yana kai jikoki makaranta. Mu fara da allura."

Ranar allurar Malama tana da jarrabawar yara, Auta ta tafi ita kaɗai. Bencin nan ne dai, da ƙafarsa ɗaya da aka tokare da kwali. Ta zauna a ƙarshensa, ta ajiye jakarta a cinya maimakon a gefe, don kada ta tare wurin. Da aka kira ta, wani matashin likita ta tarar, ba wanda ya ga hoton ba, idanunsa jajur don gajiya, mutane cike a bayan ƙofa. Ya duba kati ya ga an rubuta ciwon gwiwoyi.

"Wace ƙafa, Iya?"

"Dama."

Bakinta ne ya faɗa, ba ita ba. Sai da sanyin audugar ya taɓa fatarta ta gane abin da ya faru. Ta buɗe baki za ta gyara, sai ta ji bencin da take kai ya ɗan motsa ta hagunta, kamar wani ya gyara zama yana jira. Ta rufe bakin. Allurar ta shiga ta gefen ƙoƙon gwiwa, ta ji ruwan yana cika wurin da nauyi. Aka manna filasta, aka ce ta huta kwana biyu.

Da ta koma aiki, gwiwar hagu tana nan yadda take, kamar an zuba mata tsakuwa a ciki. Ta cika bokiti rabi, ta kama, ta ɗaga ƙafa. Gefen bango ya ɗauka. Ta hau ɗaya, ta hau biyu, tana jiran nitsewar, ba ta zo ba. Ruwan ya kwanta lumui kamar a randa. Babu jan silifa, babu ƙas, sai taku mai sauƙi daidai da nata, irin takun Yaya na shekarun da suke hawa suna hira har su manta sun iso.

A hawa na ƙarshe ta ajiye bokitin, ta tsaya ta dafa bango, hawaye yana zuba tana dariya.

"Kin ji daɗinta ko?" ta ce a hankali. "To Alhamdu lillahi."

Maigadi ya ga canjin. "Autar mata, fuska ta yi fes, ƙafa kuma ta ƙara lalacewa. Wace irin allura ce wannan, a kumatu aka yi miki?"

"Kai dai tsare ƙofarka. Ɓarawo ya wuce ka sau uku kana lissafin ƙafafun mata."

Watanni suka shuɗe. Sannu a hankali ruwan bokiti ya fara karkata, jan silifa ya dawo, da farko kaɗan, daga baya har ya fi na da. Auta ta koma asibiti. Wannan karon wata likita ce mace, ita ma sabuwar fuska, kuma wannan karon ba subutar baki ba ce. Auta ta ce dama, ta miƙe ƙafar da kanta, ta kau da kai.

Ita kuwa hagun ba ta yafe ba. Ta kumbura ta yi sulɓi, ƙafar ta fara gantsarewa waje kamar baka. Wani lokaci tana cikin tafiya sai gwiwar ta ƙulle, ta tsaya cak a tsakiyar titi, masu mota suna danna mata oda, har sai ta girgiza ƙafar ta saki. Sandar da aka ba ta tana bayan ƙofa, don mai riƙe da bokiti da ƙarfen dafawa ba shi da hannu na uku.

Da yammacin ranar allura ta biyun, Malama ta zo da man zafi ta durƙusa a gabanta, ta ɗage zanin. Ta daɗe tana kallon filastar.

"Inna, wannan wace ƙafa ce?"

"Ke da kike koya wa yara dama da hagu, ni za ki tambaya?"

"Kuskure suka yi? Wallahi gobe sai na je na ɗaga musu asibitin nan."

"Ba su yi kuskure ba. Abin da na ce shi suka yi."

Sai ta faɗa mata. Ta faɗi bokitin, da nitsewar, da takun da ya dawo daidai. Tana magana tana kallon hannuwanta, don ta san yadda maganar za ta yi a kunnen mai ilimi. Malama ta zauna a ƙasa sosai, kwalbar man a hannunta ba ta buɗe ba.

"Mama tana kabarinta, Inna. Ni na zuba mata ruwan wanka, kina tsaye."

"Na sani."

"To wa kike yi wa allura?"

"Ke ba ki ji abin da ta ce a ƙarshe ba, ni na ji. Ba sunanki ta kira ba, ba nawa ciwon ta tambaya ba. Gwiwar nan, ta ce. Saura kwana kaɗan a yi mata, ta tafi da shi. In ni ban karɓar mata ba, wa zai karɓa?"

Malama ta goge ido da bakin mayafi. "Na rasa ɗaya a kan benen nan. So kike in rasa ta biyu?"

Washegari ta riga innarta shiryawa. Ta ce za ta raka ta, ta ga abin da idonta. Maigadi ya buɗe musu yana cewa yau an kawo sufeto. Suka cika bokitin har baki, Malama ta zagaya ta gefen bango ta kama mariƙin da hannun dama.

"Ba nan ba," Auta ta ce da sauri. "Kin tsaya a kanta."

"Nan ne wurin mai taimako, Inna. Mu je."

Suka fara hawa. Malama tana da ƙarfi amma ba ta san takun ba, tana riga, ruwa yana fallatsa musu a ƙafa. Auta ta kasa kunne. Ba taku a gefenta sai na yarinyar. Can sai ta ji shi a bayansu, ƙasa kaɗan, mai sauƙi, yana bin su, kamar wanda aka tsere wa yana ƙoƙarin cim ma mutane. Ta juya don ta ce a jira. A juyawar nan gwiwar hagu ta ƙulle, sannan ta saki gaba ɗaya kamar an zare mata ƙusa.

Ba ta gangara ba, Malama ta saki bokitin ta cafke ta. Shi ne ya tafi, yana dukan matattakala ɗaya bayan ɗaya, ƙararsa ta cika ginin, har ya isa ƙasa ya yi ta juyawa ya tsaya. Ruwan ya bi bayansa. Suna zaune a jiƙe, Malama ta rungume ta tana haki, Auta kuwa idonta yana kan matattakalar da ke ƙasa da su, inda ruwan ya rabu biyu ya zagaye wani wuri kafin ya haɗe.

"Siminti ne ya yi tudu a wurin," in ji Malama, ba tare da an tambaye ta ba.

Babban likitan bai yi faɗa ba da ya ji inda alluran suka tafi. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce laifin nasu ne da ba su duba hoto ba, kuma zai yi magana da yaransa. Ya sa aka sake ɗaukar hoto. Ya ce lokacin lallashi ya wuce, ko allurar ta shiga hagun yanzu ba abin da za ta tarar da za ta gyara. Aiki ne, ko kuwa kujera, kuma wadda ta zauna a kujera a shekarunta ba kasafai take tashi ba.

"In an yi, zan koma aikina?"

"Za ki yi tafiya, ki je kasuwa, ki hau bene a hankali in ya zama dole. Amma ɗaukar ruwa a matattakala ya ƙare, Iya."

"Damar fa? Za a ci gaba da yi mata?"

"Dama ba ta bukata. Na rubuta a katinki, ba wanda zai ƙara taɓa ta."

Auta ta roƙi Malama ta bar ta ta je ginin sau ɗaya kafin ranar aikin. Maigadi ya ba ta kujerarsa, yau ba tsokana, ya koma bakin titi ya ba ta wuri. An riga an ɗauki wasu mata biyu, suna can sama da ƙananan bokitan roba, kowa da nata, suna hira da ƙarfi. Auta ta zauna a gindin matattakala da sandarta. Ta so ta yi wa Yaya bayani, ta ce ba gudu ta yi ba, yarinyar nan ba ta da kowa sai ita. Amma Yaya ba ta jin magana sai an ɗaga murya, kuma akwai mutane. Ta zauna har rana ta shigo ta taga, sannan ta tashi.

Safiyar aikin aka sa mata riga mai igiya a baya, aka kwantar da ita a gado mai taya. Malama tana tsaye tana riƙe da ɗankwalinta da silifanta a leda. Babban likitan ya shigo da alƙalami mai kaurin baki. Ya ce doka ce, ko ya sani sai ya ji daga bakin mai ƙafa.

"Wace ƙafa za mu yi wa aiki, Iya?"

Katifar ta ɗan nitse ta hagunta. Auta ta ji kalmar da ta saba ta taso ta zauna a kan harshenta. Ta dubi Malama, wadda ta ƙanƙame ledar a ƙirji, leɓenta yana motsi ba sauti. Likitan yana jira, bai taimake ta ba.

"Hagu," ta ce.

Ya zana kibiya a ƙaurinta, tsinin kibiyar yana kallon gwiwa, ya sa hannu a ƙasa. Nas biyu suka kama gadon suka tura.

A cikin dogon barandar ne abin ya fara. Gwiwar dama, wadda ba ta taɓa hana ta barci ba, ta ɗauki zafi daga can cikin ƙashi, ta gefen ciki, yana nika yana hawa cinya. Ba irin nata ciwon ba ne, nata ta san shi kamar tafin hannunta. Wannan ya fi tsufa, ya fi nauyi, kuma ta gane ashe abin da ake ɗauke da shi ke nan a gefenta duk shekarun nan ana dariya. Fitilun rufi suna wucewa a kanta. Ta laluba ta ɗora tafinta a kan gwiwar ta cikin mayafi.

"Ki yi haƙuri, Yaya," ta ce, da ƙarfi yadda za a ji.

Nas ɗin da ke wajen kanta ta sunkuyo. "Iya, magana kike? Akwai inda yake miki ciwo?"

Ƙofar ɗakin tiyata ta buɗe, sanyi ya fito ya tarye su.

"Babu," in ji Auta. Ba ta ɗauke hannunta ba har aka shiga da ita.